Ƙusa a Cikin Markub

"Ni fa har yau ba a faɗa mini gaskiya ba," in ji Gwaggo Amatullah tana juye gahawa a cikin buta. "Yaron nan daktor ne, ko baduku ne?"

Mastura ba ta ɗago kai daga farantin dabinon da take jerawa ba.

"Likita ne, Gwaggo."

"Likita ya zauna yana yankan tafin takalmi? Ke da bakinki kika ce mini takalma yake yi."

"Karatu ne. Digiri na uku yake yi a kan ƙera kayan da ke taimakon marasa lafiya."

"Karatu a kan karatu. Ya gama na likita bai ishe shi ba, sai ya koma na injiniya. Halas, shi ke nan, sai furfura ta fito miki kina jiran ɗalibi."

Ta ɗauko ƙananan kofunan gahawa guda biyu ta ɗora a tire. Mastura ta dube su, ta dubi gwaggonta.

"Su uku ne fa za su zauna a falon."

"Na san lissafi. Na babanki da na Usama."

Haka Gwaggo Amatullah take. Ita ta raini Mastura tun rasuwar mahaifiyarta, tana sonta kamar ranta, amma in ta ƙi mutum ko inuwarsa ba ta son ta gifta ta ƙofar gida. Kuma Zaharaddeen ta ƙi shi tun kafin ta ga fuskarsa.

Mastura kuwa a asibiti ta san shi, inda take aikin karɓar marasa lafiya da yi wa tsofaffin Hausawa tafinta a sashen masu ciwon suga. Bazazzagi ne, dogo, marar son hayaniya. Rabin mako yana asibitin yana koyon ƙwarewa a ƙarƙashin manyan likitoci, ɗaya rabin kuma sai ya kama hanyar arewacin Jidda zuwa jami'a, ya shiga ɗakin gwaje-gwaje ya manta da cin abinci. Abin da yake ƙerawa wata 'yar shimfiɗa ce siririya da ake sawa a cikin takalmi. Mai ciwon suga in cutar ta daɗe ƙafarsa takan daina jin zafi, ya taka abu bai sani ba, har wurin ya zama gyambo. Shimfiɗar Zaharaddeen ita za ta ji a madadin ƙafar, ta aika wa waya cewa ga wurin da ake dannewa, ga wurin da ya ɗau zafi.

Ranar da ya fara yi mata bayani ta yi masa dariya, ta ce shi kaɗai ya ɗauki kayan mutum biyu.

"Na gaji da riƙe ƙafa ana yankewa, Mastura," ya ce. "A gida na riƙe, na zo nan ma ina riƙewa. Injiniyoyin da nake aiki da su sun fi ni basira nesa ba kusa ba, amma ba wanda ya taɓa kwance bandejin tsoho ya ga abin da ke ciki. Mu kuma da muke gani ba mu iya ƙera komai ba. Dole wani ya riƙa kai da komo tsakani."

Tun daga ranar ta daina dariyar. Takan hango shi ya tsuguna gaban wata tsohuwa yana duba tsakanin yatsunta ɗaya bayan ɗaya, idanunsa jajir don rashin barci, amma hannunsa a natse kamar ba shi da wani aiki a duniya sai wannan ƙafar. Ba ta san lokacin da sonsa ya kama ta ba. Ta dai wayi gari ya riga ya zauna.

Matsalar Malam Dabo ce, mahaifinta.

Malam Dabo ba azzalumi ba ne, mutum ne da ƙasa ta zame masa sau biyu. Gidan da ya yi shekara da shekaru a cikinsa a unguwar Karantina an rushe, suka dawo wannan ɗan bene a Bani Malik. Sudan da yake cewa can zai koma ya tsufa, yaƙi ya rufe hanyarta. Abin da ya rage masa shi ne ya ga 'yarsa a hannun wanda ƙafarsa ta kafu. Ga Usama ɗan wansa, haifaffen Jidda, da shagon wayoyi a Sharafiyya da kafili mai mutunci da ya tsaya masa a kan takardun zama. Ga kuma wani baƙo da iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, ke rataye da karatun da ba a san ranar ƙarewarsa ba.

"Ba zan yi miki dole ba," ya ce mata. "Amma ba zan ba da ke ga ɗalibi ba. Ya ajiye karatun takalman nan, ya kama cikakken aikin likita, sai mu yi magana."

Don wannan maganar ya kira Zaharaddeen yau Juma'a bayan La'asar. Da safe Mastura ta kira Zaharaddeen tana kuka a waya.

"Abu ɗaya nake roƙonka. Duk abin da Baba ya ce, ka ce to. Kada ka yi masa bayani, kada ka yi masa musu. Ka sunkuyar da kai kawai."

"Zan sunkuyar, in sha Allahu," ya ce.

Yanzu ga ta a bayan labulen da ya raba falo da cikin gida. Falon ya turnuƙe da hayaƙin turaren wuta. Kwanan nan mahaifinta ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a, kullum a ƙara turare, har Gwaggo ta fara mitar tsadarsa. Yana zaune kan katifar ƙasa, ya jingina da matashi, farar jallabiyarsa ta rufe gwiwoyinsa, ƙafafunsa cikin safa duk da zafin garin.

Usama ne ya fara shigowa, yana ƙamshi, yana kaɗa makullin mota.

"Assalamu alaikum ya ammi. Kef halak?"

Bayan ya gaida baffan nasa da Larabci, ya sunkuya ya sumbaci kan tsohon kamar yadda 'ya'yan Jidda suke yi, ya zauna a gefensa ya harɗe ƙafa. Mastura ba ta ƙin Usama. Tare suka tashi, yana da kirki, yana da kyauta. Ko markub ɗin mahaifinta, takalmin fatar nan na Sudan da tsohon ya fi ƙauna cikin duk abin da ya tsira da shi daga Karantina, Usama ne ya ɗauka ya kai aka sake masa tafi da ya ga ya cinye. Tun ranar Malam Dabo bai sake sa wani takalmi ba. Kirki dai kirki ne, amma ba shi take so ba.

Aka sake yin sallama.

Zaharaddeen ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya shigo da shaddarsa ruwan toka da hula. Bai ƙaraso ba. Tun daga nesa ya durƙusa, gwiwa a ƙasa, kai a sunkuye.

"Barka da yamma, Baba. An wuni lafiya?"

Usama ya danne dariya. Amma Mastura ta ga yadda fuskar mahaifinta ta sauya. Rabon da ya ga irin wannan gaisuwa tun yana yaro a gaban kakanninsa, can bakin kogi a Sudan. Muryarsa ta yi laushi ba da sonsa ba.

"Matso mana, ɗana. Matso kusa."

Ya matso da gwiwa har gaban tsohon, ya sake sunkuyar da kai. Gwaggo ta miƙa tire ta ƙasan labule, Usama ya ja ya zuba wa baffansa, ya zuba wa kansa. Babu kofi na uku.

Malam Dabo ya gyara murya ya fara. Ya yi maganar zama a ƙasar mutane, da wahalar iƙama, da yadda takarda ɗaya kan raba miji da mata. Ya ce ya ji labarin halin Zaharaddeen kuma bai ji abin ƙi ba. Ya ce likita sana'a ce mai daraja, ta ishi kowane namiji.

Mastura ba ta sauraron mahaifinta. Zaharaddeen take kallo, kuma abin da ta gani ya tsinka mata zuciya. Kansa a sunkuye yake yadda ta roƙa, amma idanunsa ba na mai kunya ba ne. Sun tsaya cak a wuri ɗaya. Ta san wannan kallon, a asibiti take ganinsa.

"To ka ji sharaɗina," Malam Dabo ya ƙarasa. "Me ka ce?"

Mastura ta damƙe labule tana cewa a ranta, ka ce to, don Allah ka ce to.

"Baba," in ji Zaharaddeen a hankali, "yaushe rabon da ka cire safar nan ta dama?"

Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Na'am?" in ji Malam Dabo.

"Ka gafarce ni. Akwai jiƙa a tafin safar, kuma ƙafar ta fi 'yar'uwarta kumburi. Kana da suga, ko ba haka ba?"

"Ya akhi, esh hada? Mene ne haka?" Usama ya ajiye kofi. "Neman aure ka zo ko kilinik ka buɗe?"

Malam Dabo ya ja ƙafar ya cusa ƙarƙashin jallabiya. Fuskarsa ta haɗe.

"Ɗan ƙurji ne. Ina sa masa zuma. Amsa abin da na tambaye ka."

"Ba ƙurji ba ne, Baba. Turaren nan bai rufe shi ba, na ji tun daga ƙofa."

Da ma ƙasa ta buɗe Mastura ta shige. A faɗa wa dattijo a gidansa, gaban ɗan wansa, cewa jikinsa na wari. Kuma bai tsaya nan ba. Ya miƙa hannu ya taɓa idon sawun tsohon ta saman safa, kamar mai neman tabbaci.

Malam Dabo ya make hannun.

"Kai ɗan wane ne da za ka taɓa ni?"

"Ƙafar da zafi. Don girman Allah mu je asibiti yau, kada a kai gobe."

"Asibiti." Tsohon ya yi wata dariya marar daɗi. "Rafi'u abokina da ƙafafunsa biyu ya shiga asibitinku kan ɗan ciwo kamar wannan. Yanzu a keke ake tura shi masallaci. Abin da kake nema da ni ke nan?"

"Abin da nake gudu ke nan, Baba. Don shi nake karatun da ka ce in bari."

"Tashi ka fita."

Zaharaddeen bai motsa ba. Bai kuma ɗago kai ba.

"Na san na yi rashin ladabi. Da na yi shiru, wataƙila da yanzu ka ba ni Mastura. Amma da sai in zo ɗaurin aure ana tura ka a keke, ni kuma na san na gani na kawar da kai. Ba zan iya ba."

"Na ce fita. Kuma maganar 'yata ta mutu daga yau. Halas."

Ya tashi, ya ja da baya har bakin ƙofa, ya yi sallama. Ba wanda ya amsa.

Gidan ƙofa biyu gare shi kamar yawancin gidajen unguwar, ta maza da ta mata. Mastura ta fizgi abayarta ta fice ta ƙofar kicin, Gwaggo na kiran sunanta ƙasa-ƙasa.

Bai yi nisa ba. A kan matakalar bene ta same shi zaune, ya dafe kai da hannu ɗaya. A ɗaya hannun kuma markub ɗin mahaifinta ne, ƙafar dama.

"Abu ɗaya na roƙe ka," ta ce, hawaye na zuba. "Ɗaya tak, Zaharaddeen. Ka ce to. Kalma ɗaya ta gagare ka?"

"Ba ta gagare ni ba. Da ita na zo."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Wallahi da ita na zo. Na kwana biyu ina shawara da zuciyata, na ce shekarun da na zuba su tafi, wani ya ƙarasa aikin, ni dai in same ki. Har na shirya yadda zan faɗa wa malamina. Ina durƙusawa na ga ƙafar."

"To ka bari a gama maganar mana. Ka bari a ba ka ni, gobe ka zo a matsayin suruki ka lallaɓa shi."

"Irin wannan ciwon ba ya jiran ɗaurin aure, Mastura. Kin sani. Ke kike yi musu tafinta lokacin da muke faɗa musu an makara."

Ta sani. Shi ya sa kukan ya ƙara ƙarfi. Sau nawa ta tsaya tsakanin likita da tsoho tana neman kalmar Hausa mai taushi da za ta ce za a yanke? Ga shi a gidansu, tana kai turare da hannunta, ba ta taɓa tambaya ba.

"Yanzu fa?" ta ce. "In ya huce ya sake kiranka, za ka ce to?"

Ya dubi takalmin da ke hannunsa.

"Yanzu ba zan iya ba. Ki yafe mini. Mahaifin wadda nake so ya yi makonni yana taka ciwo bai sani ba, ni kuma abin da zai faɗa masa yana kan teburina rabi da rabi. In na ajiye shi yau, ban san da wane ido zan riƙa kallon kaina ba."

"Ni kuma fa? Da wane ido zan kalli rayuwa in ba kai?"

"Ina sonki fiye da yadda na iya faɗa. Ban iya magana ba, kin ga dai yadda na ɓata komai a ciki."

Ta so ta ji haushinsa. Ta nema a duk faɗin zuciyarta ba ta samu ba. Mutumin da ya rasa ta yanzu-yanzu, maimakon ya tafi ya yi jinyar zuciyarsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana binciken takalman mutane. Ba ta taɓa ganin girmansa kamar yau da yake zaune a ƙurar matakala ba, kuma hakan ya fi komai yi mata ciwo.

"Me kake yi da takalmin Baba?"

Ya miƙa mata.

"Sa hannunki ciki. A hankali, wajen tudun babban yatsa."

Ta zura hannu. Fatar ciki ta yi santsi don daɗewa, sai can gaba wani abu ya cake ta. Ta zare hannun da sauri. Ɗigon jini ya tsaya a kan yatsarta.

"Ƙusar da aka kafa sabon tafi da ita ce," ya ce. "Ta ɓullo ciki. Ni da ke taku ɗaya za mu yi mu cire takalmin. Shi ƙafarsa ba ta faɗa masa komai."

Mastura ta dubi jinin, ta dubi markub ɗin. Ta share fuskarta da gefen mayafi.

"Kada ka tafi."

"Ya kore ni."

"Daga falo ya kore ka. Matakala ta mai gidan haya ce."

Ba ta koma ta ƙofar kicin ba. Ta ƙofar maza ta shiga, abin da ba ta taɓa yi ba in da baƙo. Usama yana tsaye yana ba baffansa baki, Gwaggo ta fito daga bayan labule tana faɗin ai ita tun farko ta faɗa. Suka juyo suka ga abin da ke hannunta.

"Har takalmin ya ɗauka?" in ji Gwaggo. "Ban ce muku baduku ba ne?"

Mastura ta wuce su. 'Yar Jidda ce, a tsaye ta saba gaida mahaifinta, ta sumbaci kansa ta wuce. Yau sai ta sa gwiwa a ƙasa a daidai inda Zaharaddeen ya durƙusa. Daga nan ta ga abin da ya gani, tabon da ya rine tafin safa, da kumburin da jallabiya ta kasa rufewa. Daga nan kuma turare ba ya aiki.

"Baba, ban zo roƙon aure ba. Ka ce ya mutu, na ji. Hannunka kawai nake so ka sa a nan."

"Mastura, tashi ki ba ni wuri."

"Ka sa, ya Abuya. In ba ka ji komai ba, wallahi ba zan sake ambaton sunansa a gidan nan ba."

Ya harare ta. Sannan, don a gama, ya fizgi takalmin ya cusa hannu da ƙarfi.

Ya zabura. Ya zare hannun yana kallon yatsarsa.

"Ƙusa ce," in ji Mastura.

"Ya ammi, wallahi ban sani ba," Usama ya ce, fuskarsa ta yi fari. "Ni gyara na kai. Na ce a yi mai ƙarfi ne don ya daɗe."

Ba wanda ya zarge shi. Malam Dabo ya sake zura hannun, wannan karon a hankali, ya shafa tsinin ƙusar. Da wannan takalmin yake zuwa masallaci sau biyar a rana. Da shi ya je Juma'a ɗazu, ya dawo a ƙasa yana hira. Ya dubi ƙafarsa kamar ta wani ce aka ajiye masa.

"Ban ji ba," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ko sau ɗaya ban ji ba."

Mastura ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Ya bar ta ta yi. Can ya ɗora hannu a kanta.

"Ya tafi?"

"Yana matakala."

Tsohon ya dubi garwashin turaren da ya fara mutuwa.

"Ce masa ya shigo. Amma ki faɗa masa da kyau, likita na kira. Ban kira suruki ba."

Ta tashi. Ƙafar dai wataƙila a cece ta, ita kuwa ba ta san inda ta tsaya ba. Ta kai bakin ƙofa ke nan ta ji ƙarar kofi a bayanta.

Gwaggo Amatullah ce ta fito daga kicin, idanunta sun yi ja, bakinta a ɗaure kamar kullum. Ta zuba gahawa a kofi na uku, ta tura shi a hannun Mastura ba tare da ta dube ta ba.

"Ungo. Kai wa badukunki, ya jiƙa maƙoshi kafin ya taɓa mini ɗan'uwa."